Haɗa amfulin sinimar gida da tele da sifikoki: tambayoyin da ake ta yi a Damagaram

Salamu alaikum. Waɗannan tambayoyin su ne ke ta dawowa wajen masu amfulin sinimar gida a nan Damagaram, wani ya saya a kasuwar Dole, wani ɗan'uwa ne ya aiko mashi daga Faransa, wani kuma a Kano ya ɗauko, sai an zo gida a juya bayan abin a ga ramuka birjik kai ya ɗaure. Rubutun da ke jikin na'ura na bar shi yadda yake, don shi za ka gani da idonka.

Wai mene ne aikin amfulin nan tunda tele ma tana da sauti?

Ka ɗauke shi kamar tashar mota, kowa nan yake shigowa sannan a raba shi inda za shi. Dekoda, PlayStation, DVD, duk cikinshi suke shiga, shi kuma ya tura hoto wajen tele, ya warware sautin ya raba ma kowace sifika nata rabon, sannan ya ba su ƙarfin da za su yi ƙara. Tele ta zamani siririya ce, ba ta da cikin da za a sa sifika mai kirki, shi ya sa sautinta ke fita ba nauyi.

In ka ga an rubuta 5.1, biyar ɗin sifikoki ne, hagu da dama na gaba, ta tsakiya, sai biyu na gefe, ɗayan kuma wufa ce mai ba da bas. 7.1 an ƙara biyu a baya kenan.

Zan sayi na hannu, me zan duba kafin in biya?

Kar gaban ya ruɗe ka da fitilu da manyan maɓallai, juya bayan, duk gaskiyarshi tana can. Farko ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga, ka ga 220 ne ko 120, bayani na cikin tambaya ta gaba. Sannan ka nemi ramukan HDMI, ka duba ko an rubuta ARC kusa da na fita, bayaninshi na nan tafe, in kuma telenka 4K ce ka nemi rubutun 4K da HDCP 2.2, wato kariyar hana kwafar fim. Akwai wasu tsofaffi na farkon zuwan HDMI da hoto kawai suke wucewa da shi, ba su ɗaukar sautin daga cikin wayar, irin waɗannan sai ka ƙara ma su wata wayar sauti daban.

Ka ce ma mai shago ya ɗauko sifika guda ya jona ta a kowane rami ɗaya bayan ɗaya kana tsaye, don ana samun wanda gaba na aiki ta tsakiya ta mutu. A gwada kowane HDMI shi ma. Kuma ka tambayi telekomand ɗinshi na asali, yawancin saitin ba a kai gare su sai da shi. In da ƙaramin makirfon gwaji a kwalin to ka yi sa'a.

An aiko min daga Amurka, an rubuta 120V, in sa mashi adafta in jona?

A'a wallahi, kar ka yi. Kuran ɗinmu 220 ne, na Amurka 120, na Japan ma 100. Adafta bakin filogi kawai take canzawa don ya shiga priz, ba ta rage wuta ko kaɗan, kana jonawa in an yi sa'a fis ne zai tafi, in ba a yi ba sai ka ji wari. Abin da kake buƙata taransfoma ce mai sauke wuta daga 220 zuwa 110 ko 120, kuma ƙarfinta ya ɗara abin da amfulin ke ci nesa ba kusa ba. Duba bayan za ka ga wat ɗin da yake ci, in an rubuta 500W ni dai ta 1000 zan nema, don lokacin da fim ya yi ƙara yakan ja wuta da yawa farat ɗaya.

Na Turai 230 ake rubutawa, wannan ba matsala. Wasu kuma suna da ɗan makunni a baya na zaɓen wuta, ka tabbata yana kan 220 zuwa 240 kafin ka jona. Wufar da ta zo tare da shi ita ma a duba nata rubutun daban, nan mutane ke mantawa.

Ta ina zan fara haɗawa?

Cire komai daga wuta tukuna. Sifikoki farko, sai wufa, sai wayar da za ta tele, sai dekoda da sauransu, wayar wuta ita ce ta ƙarshe. Ka samu sikoc ka rubuta ma kowace waya suna a baki biyun, ranar da aka ja tebur don shara za ka gode ma kanka.

Dekodata a tele zan sa ta ko a amfuli?

A amfuli. Ramukan da aka rubuta HDMI IN na shigowa ne, galibi da sunaye a kansu, CBL/SAT na dekoda, GAME na wasa, BD ko DVD na faifai. Sunayen don sauƙi ne kawai, in ka sa dekodar Canal+ a GAME za ta yi aiki, sai dai GAME za ka riƙa dannawa a telekomand. Sannan rami guda da aka rubuta HDMI OUT ko MONITOR OUT, shi kaɗai ne zai tafi tele. Kuskuren da aka fi yi kenan, a sa wayar tele a IN sai a zauna ana kallon baƙin allo ana cewa an cuce mu.

Inda ake juya abin shi ne in telenka ta fi amfulin zamani, misali tele 4K amfuli kuma tsoho mai tsayawa a 1080p. To nan sai ka sa kayan a tele kai tsaye don kar hoton ya ragu, sautin kuma ya dawo ma amfuli ta ARC ko wayar haske, duba tambayoyi biyun da ke tafe.

Mene ne ARC ɗin nan, kuma me ya raba shi da eARC?

Da can wayar HDMI hanya ɗaya take bi, daga amfuli zuwa tele. To in kana kallon YouTube ko Netflix daga cikin telen kanta, ko ka sa kile na USB a jikinta, ta ina sautin zai koma amfuli? ARC ne ya zo ya warware wannan a 2009 tare da HDMI 1.4, wayar nan guda da ke kai hoto ita ce ke dawo da sauti. eARC ya zo da HDMI 2.1 a 2017, hanyarshi ta fi faɗi, yana ɗaukar manyan sautuka irin Dolby TrueHD da DTS-HD waɗanda ARC na da bai iya ɗauka. ARC na da yana ɗaukar Dolby Digital 5.1 lafiya lau, kuma gaskiya ga mai kallon dekoda da YouTube ya isa har ya yi yawa.

Abin lura, a jikin tele rami ɗaya ne kawai ke da ARC, za ka ga an rubuta a gefenshi, nan za ka sa. Sannan sai an kunna CEC, wato saitin da ke sa tele da amfuli su ji maganar juna ta wayar HDMI, a ɓangarorin biyu in ba haka ba shiru za ka ji, matsalar kowane kamfani da sunan da ya raɗa mashi: Samsung na cewa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync, Panasonic Viera Link. A amfuli kuma HDMI Control ake rubutawa. Bayan nan ka shiga saitin sauti na tele wajen Sortie son ko Sound Out ka zaɓi amfulin. Daɗin abin, daga nan telekomand ɗin tele ma zai riƙa ƙara ƙara da ragewa. In ya ƙi, cire duka biyun daga priz na minti ɗaya ko biyu ka mayar, sau da yawa shi kenan.

Telena ba ta da ARC, yaya zan yi?

Nemi wani ƙaramin rami mai kusurwa da aka rubuta OPTICAL ko DIGITAL AUDIO OUT, in tele na kunne za ka ga jan haske a ciki. Wayar haske ke shiga nan, Toshiba ce ta fito da ita tun 1983 kuma har yau tana aiki, tana ɗaukar sitiriyo da Dolby Digital da DTS, sai dai ba ta kai TrueHD ba. Sabuwa tana zuwa da ƴan huluna na roba a baki, a cire su, na sha ganin ana tura ta da ƙarfi da hular a kai. Kuma kar a lanƙwasa ta sosai, in cikin ya karye ta mutu ko da bayan na nan lafiya.

Akwai kuma mai launin lemo da aka rubuta COAXIAL, aikinsu ɗaya da ta haske. In duk babu, sai ramin abin kunne ko ja da fari, wannan sitiriyo ne kawai. Ko wacce ka yi amfani da ita sai ka shiga menu na amfuli ka nuna mashi cewa sautin TV daga ramin kaza yake shigowa.

Dole sai wayar HDMI mai tsada?

Ba dole ba. In wayar na aiki hoton iri ɗaya ne ko ta jikka ɗaya ce ko ta jikka ashirin, bakin zinari ba ya ƙara ma hoto kyau. Abin da ya raba su yawan abin da suke iya ɗauka ne: High Speed tana kai gigabit 10.2 a daƙiƙa, ta isa 1080p, Premium High Speed 18 ta 4K ce, Ultra High Speed 48 ita ake nema ma PS5 in ana son 4K mai hoto 120 a daƙiƙa. Wadda ta gaza za ka gane ta, hoto na ɗaukewa yana dawowa ko ƴan fararen ɗigo na walƙiya a allo.

Tsawo shi ne abokin gaba. Mita biyu zuwa uku kusan kowace na yi, in an wuce biyar da 4K sai an zaɓa, in majigi ne a sama mita goma ko fi to a nemi HDMI ta haske, ita kuma tana da gaba da baya, bakin da aka rubuta Source wajen amfuli, Display wajen majigi. Ka gwada ta a ƙasa kafin mai gini ya binne ta a bango.

Ina da tsohon DVD da dekoda mai ja da fari da rawaya, za su shiga?

Za su shiga in amfulin na da ramukan. Rawaya hoto, fari sautin hagu, ja na dama. Mai kore da shuɗi da ja kuma duka ukun hoto ne kuma ya fi rawaya kyau, sautinshi daban ake jawowa, a kula kar a haɗa jan hoto da jan sauti. Kayan Faransa da yawa peritel gare su, babban bakin nan mai ƙafa 21, akwai ɗan adafta da ke maida shi ja fari rawaya.

Sai dai ba kowane amfuli ke juya hoton rawaya ya fitar ta HDMI ba, in naka bai yi sai ka kai rawayar tele kai tsaye, ja da fari su tafi amfuli. Ramin da aka rubuta PHONO kuma na garmaho ne kaɗai, in ka sa DVD a nan sauti zai fashe.

Wace irin waya ake sa ma sifika, kuma ja da baƙin nan dole ne?

Wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5 ta isa yawancin falo, in za ta yi nisa kamar ta sifikokin baya da ke zagaye ɗaki 2.5 ta fi. Wasu na araha alminiyom ne aka shafa ma jan ƙarfe, ka kankare silin da wuƙa in ka ga fari a ciki to ita ce, tana aiki amma sai ka ɗauki mai kauri.

Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a amfuli da sifika duka. In ka juya guda ba abin da zai ƙone amma wata na turawa wata na ja, bas ya ɓace, murya ta rasa wajen zama. In wayar ba ta da alama ka ɗauki pil ƙarami na 1.5 ka taɓa bakin wayar biyu a kai, wayar na cire daga amfuli fa, in takardar sifikar ta yo waje to wadda ke kan hancin pil ita ce ja. Abin da ya fi wannan haɗari silin da ke ballewa, ka fere kamar santimita ɗaya kawai, ka murɗe shi tsaf, ka ɗaure, sannan ka haska da tocilan ka duba, sili ɗaya tak in ya taɓa maƙwabcinshi ko ƙarfen baya amfuli zai riƙa mutuwa. Akwai tambaya kan wannan a ƙasa.

Zan iya haɗa sifikokin da nake da su ko sai na kamfani ɗaya?

Za ka iya, abin dubawa shi ne om ɗin da aka rubuta a bayansu, in lambar ta yi ƙasa sifikar ta fi jan ƙarfi daga amfuli. Yawancin amfulin gida 6 zuwa 8 suke so, wasu na ɗaukar 4 in an faɗa a bayansu. Ƙananan sifikokin da ke zuwa da DVD mai haɗe da komai sau da yawa 3 ne ko 4, suna sa amfuli zafi. Kuma kar a cusa sifika biyu a rami ɗaya, biyu masu 8 in an haɗa su haka 4 suke komawa. Ukun gaba dai in da hali su zama ƴan gida ɗaya, don murya in ta ratsa daga hagu zuwa dama kar ta canza kama, na baya ko wane iri ne ba laifi.

Ina zan ajiye kowace a falo?

Ta tsakiya ƙarƙashin tele ko samanta, ta fuskanci mai zama, kuma a jawo ta bakin tebur kar a tura ta can cikin kabad. Hagu da dama su sa tele a tsakiya, tazarar da ke tsakaninsu ta kusa kai tazarar da ke tsakaninka da tele. Biyun da muke kira na baya a 5.1 asali na gefe ne, gefen kujera ko ɗan baya kaɗan, sama da kunne kaɗan. Ramin SURROUND za ka sa su, SURROUND BACK na mai 7.1 ne.

Na san falonmu, kujeru a jikin bango zagaye, wasu ma a kan darduma ake kallo. In haka ne kar a rataye na gaba can kusa da silin don gudun yara, sautin zai wuce ta saman kai, in dole ne a karkato su ƙasa. Ɗaki mai tayil da bangon siminti tsirara yana amsa kuwwa, kafet da labule mai kauri za su gyara maka sauti fiye da sabuwar waya.

Na jona wufa ba ta yin komai.

Wufa iri biyu ce. Mai wayar wuta tata, ita ce ke shiga ramin SUBWOOFER PRE OUT da waya guda mai baki irin na ja da fari, ɗaya bakin a LFE ko LINE IN. Wadda ba ta da wayar wuta, irin ta tsohon DVD, ba za ta yi ƙara a nan ba har abada don ramin nan ba ya ba da ƙarfi, sai an nemo mata ƙaramin amfuli nata.

In mai wuta ce kuma shiru, shiga menu ka tabbata Subwoofer na kan Yes, ka sa sifikokin a Small, wajen Crossover ka sa 80. Mutane na jin kunyar Small don sifikarsu doguwa ce, alhali ma'anarshi kawai a tura ma wufa bas ɗin ƙasa, in ka bar su a Large lokacin waƙa wufar na iya zama ba aiki. Kusa da kusurwa bas ya fi yawa, wani lokaci har ya yi yawa rufin kwano ya kama rawa.

Na gaba kawai ke yi, na baya shiru, sun lalace ne?

Da wuya. Danna Test Tone a menu, in kowace ta yi shuu bi da bi to lafiyarsu lau. Abin da ke faruwa, yawancin tashoshi da finafinan Hausa da abin da ake kallo a YouTube sitiriyo ne, layi biyu kawai, ba abin da za a tura baya. In kana son duka su yi sai ka zaɓi Pro Logic II ko Dolby Surround ko Neural:X, ya danganta da shekarun amfulin, don taro ko waƙa kuma akwai All Channel Stereo ko Multi Ch Stereo.

In kuma fim ne mai 5.1 na gaske amma fuskar amfuli na nuna PCM ko Stereo, to dekoda ko tele ce ke matse shi kafin ya iso. Shiga saitin sautinta ka canza daga PCM zuwa Bitstream ko Dolby Digital ko Auto. Ko a fim na gaske ma na baya ba kullum suke magana ba, sai ruwan sama ko jirgi ko ihun ƴan kallon ƙwallo.

Harbi da kiɗa na fasa kunne amma magana ba ta fita.

Magana daga ta tsakiya take fitowa, ƙara mata 2 ko 3 a Level. In ba ka da ta tsakiya kwata-kwata ka sa Center a None don a raba muryar ma hagu da dama, in ba haka ba amfuli na can yana tura ta ramin da ba kowa. Da dare kuma akwai Night Mode ko DRC ko Dynamic Volume, yana danne ƙarar yana ɗaga magana, maƙwabta su yi barci.

Mai makirfon gwaji ya yi amfani da shi, Denon da Marantz na kiran nasu Audyssey, Yamaha YPAO, Pioneer MCACC, Onkyo AccuEQ. Ka ɗora shi daidai inda kanka ke zama, a kashe fanka da kilim, a fitar da yara, ka zaɓi lokacin da unguwa ta yi tsit. In babu makirfo, ɗauki mita ka auna nisan kowace sifika ka shigar a Distance.

Sauti na zuwa amma allo baƙi, ko hoto na ɗaukewa.

Duba tambayar dekoda tukuna, ko wayar tele na OUT, kuma telen na kan HDMI ɗin da ya dace. In duk daidai, cire amfuli daga tsakiya ka jona na'urar da tele kai tsaye da wayar nan dai. Ta yi? To amfulin ne bai iya wuce da irin hoton ba, ko 4K ne ya fi ƙarfinshi ko HDCP ɗinshi tsoho ne, sai ka sauke hoton zuwa 1080p ko ka bi ta ARC. Masu PS5 su sani ba ta da ramin wayar haske, PS4 Slim ma haka, don haka da tsohon amfuli sai ta tele sautin zai biyo.

Baki na motsi kafin magana ko bayanta.

Tele ce ke ɓata lokaci wajen gyaran hoto sai sauti ya riga shi. Nemi Lip Sync ko Audio Delay a amfuli ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana kallon mai karanta labarai. In sautin ne ke latti, ka kashe duk wani jinkiri da ke kunne, a tele kuma ka gwada Passthrough.

Akwai wani guuu da ke fita ko ba a kunna komai ba.

Cire wayoyin shigowa ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya. Sau da yawa wayar parabol ce ta bayan dekoda, ko kuma wufa na wani priz amfuli na wani. Haɗa su duka a ralonji ɗaya mai kyau, kuma a raba wayar wufa da wayoyin wuta kar a ɗaure su dami guda. Gidaje da yawa ba a ja ma priz wayar ƙasa ba, in kana jin ɗan ja in ka taɓa ƙarfen dekoda ko tele to mai gyaran wuta za ka kira, ba aikin menu ba ne.

Yana cikin aiki sai ya mutu, ko ya rubuta PROTECT.

Kare kanshi yake yi, kar ka dinga kunna shi da ƙarfin tsiya. In yana mutuwa nan take da kunnawa, cire wayoyin sifika duka ka kunna, in ya tsaya to sili ne ya haɗu, koma tambayar wayar sifika. In sai an ƙara ƙara yake mutuwa, duba maganar om. In ba sifika ko ɗaya kuma yana mutuwa to ya zama na mai gyara.

In kuma sai ya yi awa ɗaya ko biyu, zafi ne, kuma a garin nan da Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 ba abin mamaki ba ne. Ramukan samanshi nan yake numfashi, amma sai ka shiga gida ka tarar an ɗora dekoda a kai, an shimfiɗa ƙyalle mai ado, an rufe gilashin kabad. A bar mashi kamar tafin hannu a sama da gefe, in da ƙaramar fanka a sa. Ƙyallen a rufa in an kashe, musamman da hunturu, don ƙurar nan in ta taru a ciki ita ma riƙe zafi take, lokaci-lokaci a cire daga wuta a hure shi da abin hura iska.

Regilata dole ne? Gurup da sola fa?

Ni dai ba zan jona amfuli ba regilata ba, kuma a lissafa wat ɗin amfuli da wufa da tele a ɗauki wadda ta ɗara jimlar. Mai jinkiri ta fi, wadda in wuta ta dawo take ɗan jira kafin ta saki. In an ɗauke wuta a kashe amfulin, a gurup kuma sai ya tashi ya daidaita sannan a kunna, kafin a kashe shi a fara kashe kaya. Masu panon sola su duba kombatisarsu, wadda ke maida wutar batir ta zama 220, a nemi wadda aka rubuta pure sine ko pur sinus, ta arahar na sa taransfomar amfuli kuka da zafi.

Da damina in hadari ya haɗo da tsawa, kashewa da telekomand bai isa ba, a zare filogi, a kwance wayar parabol daga bayan dekoda, don ta nan take biyowa ta bi HDMI ta ƙone ramin amfuli da na tele gaba ɗaya. Kuma gyaran ɓangaren HDMI na da wuyar samun kaya.

Waƙa daga salula fa?

In yana da Bluetooth shi kenan, sitiriyo ne dai, in kana son duka sifikoki duba tambayar na baya shiru. In babu, ana sayar da ƙaramin abin kama Bluetooth mai fita da ja da fari, ka sa shi a CD ko AUX, ko waya mai bakin abin kunne a gefe guda ja da fari a ɗayan. Ramin USB na gaban amfuli kuma waƙa kawai yake karantawa daga kile, fim a tele za ka sa shi sautin ya dawo ta ARC. Rage ƙarar amfuli kafin ka jona salula, don wasu na shigowa da ƙarfi.